Yaya zan gane ko na iya harshen da gaske?

Ɗan'uwa, ka ce kana koyon Faransanci, Larabci da Jamusanci, amma ka rasa gane wanne ka iya sosai. Ni ma na sha fama da wannan.

Babban kuskure shi ne auna kai da fahimta kaɗai. Kunne yana riga baki nisa: sai ka saurari labarai ka gane kusan komai, amma a ce maimaita da bakinka, sai harshe ya sarƙe. Don haka ka auna ji, magana, karatu da rubutu daban-daban, kowane harshe shi kaɗai. Abin da ya buɗe mini ido shi ne naɗar muryata ina magana minti uku babu shiri. Da na saurara, sai na ji kalmomin wannan harshe suna kutsawa cikin wancan.

Ma'aunin CEFR, wato ma'aunin Turai na auna iya harshe, wanda aka wallafa a 2001, yana da matakai shida, daga A1 zuwa C2. A B2 ne mutum ke hira da masu harshen ba tare da wahala sosai ba. Yabon abokai da makin manhaja ba sa nuna wannan.

In takardar shaida kake nema don karatu ko aiki, sami ƙwararren malami ya gwada ka kafin ka zauna jarrabawar DELF ta Faransanci ko ta Goethe ta Jamusanci.