Yaron da ke gudun lissafi: ki gwada masa gida tara

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 8 da ya ga littafin lissafi sai ya ce kansa na ciwo, kina neman dabara. Ajiye littafin tukuna.

Zana masa gida tara a ƙasa, uku-uku. Ki ce ya zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Kada ki yi saurin gaya masa cewa 5 ce ke zama a tsakiya. Bar shi ya goge ya sake. Kafin ya gano, ya yi tarawa da ɗebewa ba adadi, shi kuwa a ganinsa wasa yake. In ya cije, ki sa masa 8, 1, 6 a layin sama kawai. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, hatimi ne. Muhammad al-Kashinawi, malamin nan Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake tsara irinsa.

Jadawalin 9 kuma, maimakon hadda, a rubuta 18, 27, 36, 45 a jere, a tambaye shi me ya lura. Lambar hagu na hawa, ta dama na sauka, in an haɗa su kullum 9 ne.

Minti goma bayan la'asar ya isa. Da ya fara hamma, ki tashe shi.