Amsa: Injin sanyaya MIRI da girgiza a na'urar hangen nesa ta Webb

Malam, ka tambayi yadda injin sanyaya MIRI, wato na'urar Webb mai ɗaukar hoto da hasken infrared da ido ba ya gani, ba ya girgiza hoto. Dabarar tana cikin kwamfiresa: fistin biyu ke fuskantar juna suna bugawa tare, ƙarfin wannan ya kashe na wancan. An kuma ajiye kwamfiresar nesa da MIRI, iskar hiliyam mai kai sanyi na bin bututu mai kusan mita 10.

Kunnawa kuwa ba a gaggawa. Hita ke riƙe ɗumi har danshi ya fice, kada ƙanƙara ta kwanta kan madubai. Wurin haɗari kelbin 15 ne (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi), inda ake rufe bawul a tilasta hiliyam bin siririyar ƙofa don ƙara sanyi. A kuskure lokaci, sanyin ya tsaya cak. A Afrilun 2022 MIRI ta kai kelbin 6.4.