Filin Tambaya da Amsa: Wasannin Dandamali a Kwalejojinmu

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata sun haɗu a kan magana guda, wato jerin wasannin kwaikwayo da kiɗa da raye-raye da wasu kwalejoji a Bauchi da Gombe kan tsara wa ɗalibansu a cikin zangon karatu. Saboda haka muka ware musu filin gaba ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata tana shekara ta biyu a wata kwalejin ilimi, tana karanta Hausa. Ta zo mini da takarda cewa kwalejin ta shirya wasanni na makonni da dama, kuma an zaɓe ta ta fito a matsayin uwa a wani wasan kwaikwayo. Ni karatun malanta na tura ta ta yi. Mahaifiyarta ta ce in ƙyale ta, amma hankalina bai kwanta ba. Ina haɗin wannan da karatu? (Wani uba daga Jekadafari, Gombe)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Abin da aka kira 'yarka ta yi yana cikin karatunta. Rubutaccen adabin Hausa da ake koyarwa a makarantunmu rassa uku ne, zube da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma dukkansu ana tambayar ɗalibai a kansu a jarrabawar WAEC da ta NECO. Idan Allah ya sa ta kammala shekarunta uku ta karɓi takardar NCE, za ta tsaya gaban yara ta koyar da reshen nan na uku. Wasan kwaikwayo kuwa an rubuta shi ne domin a gan shi a dandamali, kuma malamar da iyakar saninta da shi karatu a takarda, ita ma karatun kawai za ta yi wa yara, su haddace sunayen 'yan wasa, su fita ba su fahimci abin da marubucin yake nufi ba.

Akwai kuma amfanin da ya wuce darasin adabi, wanda sai mutum ya zauna a wurin gwaji yake gane shi. Malamin da ke ba da umarni yakan koma can ƙarshen zauren ya tsaya, ɗaliba ta fara magana kanta a sunkuye, muryarta tana ɓacewa a cikin hijabi, shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ban ji ba, sake!" Haka za ta yi ta maimaitawa har ta koyi ɗaga kai, ta koyi fitar da murya daga ciki ba tare da ihu ba, ta san inda za ta dakata domin magana ta shiga kunne. Wannan shi ne ainihin abin da za ta buƙata ranar da aka tura ta koyarwar gwaji a ajin da ya cika maƙil da yara, babu lasifika, ga hayaniyar titi tana shigowa ta taga. Malamai da yawa sun san darasinsu sarai, amma rashin murya da rashin iya tsayuwa gaban jama'a sun rage musu amfani, kuma yaran talakawa ne suke ɗaukar asarar.

Kada kuma a ɗauka baƙon abu ne aka kawo mana daga wata nahiya. Tun kafin zuwan boko muna da tashe, wanda yara da matasa ke fara yi daga goma ga watan azumi, suna kwaikwayon tsoho da malami da mai magani, suna yi wa manya hannunka-mai-sanda ta hanyar raha. Muna da wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, muna da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona. A ɓangaren makaranta ma, ƙasar Bauchi, wadda Gombe take cikinta har zuwa 1996, tana da tarihi a wannan fage. Malam Aminu Kano ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi a shekarun 1940, kuma an san shi da shirya wasannin kwaikwayo masu sukar zalunci da duhun kai. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shugabanci wannan makaranta kafin ya shiga siyasa, shi ya rubuta Shaihu Umar da aka buga a 1934, daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo wanda aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976. Waɗannan mutane babu mai kiran su 'yan shashanci.

Duk da haka damuwarka tana da wurin zama, kuma kana da haƙƙin neman bayani. Ka tambayi ƙarfe nawa ake fara gwaji, ƙarfe nawa ake tashi, domin babu dalilin da zai sa a riƙe 'ya'ya mata har dare. Ka tambayi wane malami ne yake kula da su, ko akwai malama mace a cikin masu kulawar, ina mata suke sauya tufafi, da irin suturar da za ta sa a dandamali. Ka karɓi rubutun wasan ka karanta da kanka, tunda da Hausa yake. Kwalejin da ta san abin da take yi ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Game da kiɗa da rawa, hukuncin shari'a na malamai ne, sun kuma yi maganganu mabambanta a kai, don haka ka koma ga malamin da ka amince da iliminsa. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne cewa fitowa a matsayin uwa a wasan magana daban take da shiga sahun masu rawa, kuma kana iya amincewa da ta farko ka nemi a ɗauke mata ta biyu, ba tare da ka hana ta komai da komai ba. Ranar wasan kuma ka ɗauki mahaifiyarta ku je ku zauna, domin gani ya kori ji.

TAMBAYA: Malam, ni ne sakataren kwamitin ɗalibai da ke shirya wasannin bana a wata kwaleji a Bauchi. Bara mun cusa komai a kwana biyu, janareta ya mutu ana tsakiyar wasa, jama'a suka watse. Kuɗin da muke da shi kaɗan ne. Yaya za mu tsara abin ya yi armashi? (Wani ɗalibi daga Yelwa, Bauchi)

AMSA: Ɗana, ka fara da kalanda kafin ka fara da kuɗi. A yankinmu ruwan sama yakan yi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, don haka duk abin da za a yi a fili a wannan lokaci yana cikin kasada, kuma fatar ganga ma takan yi sanyi ta saki idan iska ta jiƙe. Maris da Afrilu zafi ne mai hana zama a zauren da babu fanka. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ya fi dacewa, sai dai ku tuna cewa ƙurar hunturu tana shaƙe murya, ku tanadar wa 'yan wasa ruwan ɗumi. Ku kauce wa watan azumi, ku kauce wa makonni uku na kafin jarrabawa, ku kuma duba lokutan salla da ranar Lahadi, tunda ɗalibanku Musulmi ne da Kirista.

Kuskuren bara shi ne cunkoso. Abin da ake kira jerin wasanni ana baza shi ne, a yi abu ɗaya a kowane mako ko bayan mako biyu, a rana guda da kowa zai riƙe, ta yadda mutanen gari za su saba da cewa yammacin ranar kaza akwai wasa a kwaleji. Ku buɗe da kiɗa da raye-raye, domin su ne suke tara jama'a ba tare da talla mai yawa ba. A tsakiya ku sa gajerun wasanni na ɗalibai 'yan shekarar farko da zaman waƙe da na tatsuniya, inda masu koyo za su yi kuskurensu gaban 'yan kallo kaɗan. Babban wasan kwaikwayo ya zo a ƙarshe, bayan ya sami makonnin gwajin da yake buƙata. A ganina wasanni huɗu da aka gyara da kyau sun fi goma da aka yi a gaggauce.

Maganar janareta kuwa, mafi sauƙin magani shi ne ku daina dogaro da shi. Wasan da aka fara da an idar da sallar la'asar aka gama kafin magariba ba ya buƙatar fitila ko ɗaya, kuma iyaye sun fi sakin jiki su bar 'ya'yansu su zo. Ku nemi inuwar bishiya ko kusurwar da bangaye biyu suka haɗu, domin bango yana mayar da murya, ku zaunar da mutane a da'ira kusa da 'yan wasa yadda ake yi a dandalin ƙauye. Kada ku ga kamar wannan ƙasƙanci ne. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda aka fara koyar da wasan kwaikwayo a tsakiyar shekarun 1970 a ƙarƙashin Michael Etherton, gidan wasan da suka yi suna da shi ginin ƙasa ne irin na Hausawa, mai ɗakuna kewaye da fili. Daga can ne ɗalibai suka riƙa shiga Samaru da ƙauyukan kewaye suna sauraron matsalolin mutane, su mayar da su wasa, su koma su nuna wa masu matsalar. Ku ma za ku iya. A Bauchi ba a rasa abin yi wa wasa ba, daga wahalar ruwan sha zuwa shaye-shayen matasa da cire yara mata daga makaranta, kuma wasan da ya taɓa abin da ke damun mutum ba ya buƙatar ado mai tsada.

Kuɗin da kuke da shi, ku fara ware haƙƙin makaɗan da za ku gayyato daga gari. Abin kunya ne a kashe dubbai wajen hayar kujerun alfarma da lemon manyan baƙi, a sallami mai kalangu da godiya da kuɗin acaɓa, alhali shi ya riƙe taron. Kuɗin shiga ya zama kaɗan ga ɗalibai, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a allon sanarwa, saboda rigimar kuɗi ce ta fi kashe irin waɗannan kwamitoci.

TAMBAYA: Na halarci wasan wata kwaleji inda ɗalibai suka ce suna yin rawar ƙabilarmu. Suturar ba tamu ba ce, takun ba namu ba ne, 'yan kallo kuma dariya kawai suke yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shin daidai ne ɗalibai su riƙa yin rawar da ba ta gidansu ba? (Wata uwa 'yar asalin Kaltungo, mazauniyar Gombe)

AMSA: Mama, ɓacin ranki yana kan gaskiya, kuma ina fata masu shirya wasanni za su karanta wasiƙarki da kyau. Laifin yana ga rashin bincike. Jihohin nan biyu cike suke da al'ummomi, Tangale da Tula da Waja da Tera da Bolawa da Fulani a Gombe, Zaar da Jarawa da Gerawa da Warjawa da sauransu a Bauchi, kuma kwaleji tana cikin wurare kaɗan da 'ya'yansu suke kwana a ɗaki ɗaya. Ɗalibi Bahaushe ya koyi rawar Tangale, ɗan Tangale ya koyi takai, abu ne mai kyau da ke rage jahilcin juna, wanda ya sha jawo mana fitina a wannan yanki. Sharaɗin shi ne a koya daga masu abin.

Kowace rawa tana da lokacinta da ma'anarta. Akwai ta murnar girbi, akwai ta aure, akwai ta makoki, akwai kuma wadda masu ita ba su yarda a fito da ita gaban kowa ba, kuma irin wannan sai a bar musu abinsu. Ko a cikin Hausawa haka abin yake, domin kalangu an san shi da mahauta, dundufa da maƙera, gangar noma da manoma, tambari kuwa na sarauta ne, ba a buga wa kowa. Wanda ya ga an buga tambari ana tsalle-tsalle a kansa domin ba da dariya zai ji irin abin da kika ji.

Saboda haka duk kwalejin da za ta sa rawar wata al'umma a jadawalinta, ta aika ɗalibai wurin dattawan al'ummar, ta gayyato makaɗi ko mai rawa daga can ya zauna da su a lokacin gwaji, a biya shi, a kuma ambace shi ranar wasa. A aro ko a ɗinka suturar gaskiya, a daina ɗaura wa yara ganye da buhu da sunan gargajiya. Kafin a fara, mai gabatarwa ya faɗi sunan rawar da harshen masu ita, da garin da ta fito, da lokacin da ake yin ta, domin 'yan kallon da aka yi wa bayani ba su cika yin dariyar reni ba.

Ke kuma, Mama, ki rubuta wa shugaban sashen da ya shirya wasan takarda cikin lumana, ki nuna masa inda aka kauce, ki kuma gaya masa cewa ƙungiyar mutanenku da ke Gombe tana da waɗanda za su koya wa ɗaliban idan an neme su kafin wasannin baɗi.