Ciwon bayan mai ɗinki: yawan zama ne ko rashin shiga rana?

Tambaya: Likita, ni mai ɗinki ce a cikin gida. Kan keke nake wuni, ban cika fita ba, kuma nakan raba dare ina duba waya. Ciwon ƙugu ya matsa mini. Wata ta ce rashin shiga rana ne, wata kuma ta ce basir ne. Mene ne gaskiya, kuma me ya kamata in riƙa ci?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a gano wata takamaimiyar cuta da ta jawo musu shi. Basir kuwa, wanda muka saba ɗora wa laifin kowane ciwon ƙugu, ba kasafai yake da hannu a ciki ba.

A ganina, abin da ya fi damun bayanki shi ne zaman da ba tashi. Mai ɗinki tana sunkuyar da kai wajen allura, ƙafa na kan taka keke, jijiyoyi da naman baya suna ɗaure a wuri guda na tsawon sa'o'i har su ƙage. Ki riƙa miƙewa duk bayan rabin sa'a, ko da zagaya tsakar gida za ki yi, ki sami kujera mai majingina maimakon benci, ki naɗe zane ki tokare ƙugunki da shi. Yankan yadi kuma a kan tebur ya kamata a yi shi, ba a durƙushe kan tabarma ba. Kwanciya wuni guda saboda ciwo tana ƙara shi ne. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2023 ma ta hana dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna irin su tramadol ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. Diclofenac da ibuprofen na kemis kuwa, idan aka mayar da su abin sha kullum, suna iya jawo gyambon ciki da lahanta ƙoda.

Mai batun rana tana da ɗan gaskiya. Fata ce ke haɗa sinadarin bitamin D idan rana ta taɓa ta, shi kuma yake taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam da ke ƙarfafa ƙashi. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aikin. Ki fito tsakar gida da hantsi na minti 20 zuwa 30, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Hasken safe yana kuma daidaita lokacin barci, yayin da hasken waya cikin dare yake jinkirta shi, ga shi kuwa wanda bai ƙoshi da barci ba ya fi jin zafin ciwo.

Wajen abinci ba sai kin nemi abu mai tsada ba. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna da kalsiyam, ƙwai da kifi mai maiƙo kuma suna ba da bitamin D. Ki rage lemon kwalba da soye-soye, domin ƙiba nauyi ce a kan ƙugu.

Amma idan ciwon ya wuce mako 6 bai lafa ba, ko yana saukowa ƙafa tare da rashin ƙarfi a ƙafar, ki ga likita. Idan akwai zazzaɓi, rama da gumin dare, a bincika tarin fuka, domin yana kama ƙashin baya. Idan kuwa fitsari ko bayan gida ya fara ƙwace miki, ko tsakanin cinyoyinki ya mutu ba kya jin taɓawa, to ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira wayewar gari.