Amsa: wace inshora ta dace da mai tirelar kansa?

Malam, ka ce tirelar taka ce kuma kai ke jan ta, kana tambaya ko tad fati, wato inshorar da ke biyan barnar da ka yi wa wani kawai, ta isa. Gaskiya ba ta isa ba. Tun Janairun 2023 NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta maida kuɗinta naira 100,000 a shekara wa manyan motocin haya, diyyar barnar dukiyar wani kuwa iyakarta naira miliyan 5, to wannan in ka daki jif guda ai ya ƙare. Kuma ba ruwanta da motarka, balle kayan da ka ɗauko, shi kaya inshorarsa daban ake yanka. Sannan don Allah bar sayen takarda wajen 'yan bakin tasha, jabu sun yi yawa, ka duba lambar motarka a NIID, wato rumbun bayanan inshora na intanet, tukuna don ka tabbatar takardarka ta gaske ce.