Amsar Tambayar Yaya: Mu Hausawan Santambul da Rigimar Turkiyya da Isra'ila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya.

Saƙonka na murya ya same ni ina kan sikeli muna awon dilolin atamfa da jallabiyoyi da za su taso Kano, shi ya sa ban amsa nan take ba. Da dare na saurare shi har sau biyu. Abu biyu ka tambaya. Na ɗaya, wai a majalisarku ana ta musu kan yaushe Erdogan zai tura sojoji su gwabza da Isra'ila. Na biyu, me ya sa mu Hausawan da ke nan ba a jin ɗuriyarmu, ba a ganin mun rubuta komai a Facebook, har wani ya ce ko neman kuɗi ne ya ɗinke mana baki. Wannan ta biyun ta sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba, don haka da ita zan fara.

Ka san shekarata goma sha biyu a garin nan. Mu Hausawan Santambul ba mu da yawa, amma mun san juna: masu kargo da 'yan kasuwa a unguwannin Laleli da Aksaray, ɗaliban da suka zo da tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, da masu yi wa marasa lafiya tafinta a asibitoci. Akwai 'yan Kano da Katsina, akwai 'yan Maraɗi da Damagaram, akwai 'yan zangon Kumasi. Duk Juma'a bayan an sauko muna haɗuwa a wani ɗaki da ke saman shagunan kargo, a ci tuwo idan an samu kuka daga gida, a ji wa ya zo, wa ke kwance, wa takardarsa ta kusa ƙarewa. Tun watan Oktoban 2023 ba a taɓa tashi daga wannan zama ba a yi wa mutanen Gaza addu'a ba. Akwai wani dattijonmu, mutumin Damagaram, da ba ya iya kai addu'ar ƙarshe sai muryarsa ta shaƙe, wani ya karɓa.

Ranar 28 ga Oktoban 2023 da aka yi babban gangami a tsohon filin jirgin sama na Ataturk, muna can. Ranar 1 ga Janairun 2024, da asubar fari cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, muna cikin waɗanda suka fito daga masallatai suka nufi gadar Galata. Da aka kashe Isma'il Haniyya, shugaban Hamas, a Tehran ranar 31 ga Yulin 2024, Turkiyya ta yi zaman makoki ranar Juma'ar da ta biyo baya, aka yi masa sallar ga'ib a masallatai. Mu Malikawa ba mu saba da ita ba, amma muka shiga sahu muka bi liman. Kuɗin taimako kuwa muna bayarwa a tarin da ake yi a ƙofar masallaci, ko a ƙungiyar da ke da rajista, mu karɓi rasit mu adana. Lemon da aka ƙaurace wa mun daina saye tun kafin majalisar dokokin ƙasar ta cire Coca-Cola da kayan Nestle daga wuraren cin abincinta a Nuwamban 2023.

Abin da ba ma yi shi ne zuwa taron da ba a ba shi izini ba, da tsoma baki a rikicin Turkawa da junansu. Wannan doka ce tsakaninmu, kuma duk ɗalibin da ya sauka a makon farko ake zaunar da shi a faɗa masa. Daren da aka kai wa asibitin Al-Ahli da ke Gaza hari, jama'a suka yi dafifi a ƙaramin ofishin jakadancin Isra'ila da ke Levent, har 'yan sanda suka watsa ruwa da barkonon tsohuwa. A daren nan wayoyinmu ba su huta ba, kowa na neman yaran da ke hannunsa yana ce musu kada wanda ya fita. Baturke idan aka kama shi, gobe ko jibi zai koma ɗakinsa. Baƙo kuwa rayuwarsa duka tana rataye ne da wani ɗan kati da suke kira ikamet, takardar izinin zama. Idan aka soke shi, sai cibiyar tsare waɗanda za a mayar gida, shagonka da hayar gidanka da makarantar 'ya'yanka duk su bi ruwa. Tun 2021 aka rufe gundumar Fatih, inda Laleli take, ga sababbin baƙi masu neman wannan katin, kuma motocin duba takardu suna tsaye a bakin tashoshi. Ga dokar cin mutuncin shugaban ƙasa, wadda ke iya kai mutum kurkuku har shekara huɗu a kan rubutu ɗaya. Mun kuma ga abin da ya faru a Kayseri a tsakiyar 2024, da aka ƙona shagunan 'yan Siriya cikin dare. Baƙo idon gari yake kallo kafin ya ɗaga murya, Yaya. Kai ma da baƙon da ke Sabon Gari ya shiga rigimar Kwankwasiyya da Gandujiyya, da ka ce masa ya kama kansa.

To, a nan ne ta biyun ta haɗu da ta farkon. Ku daga can kuna ganin Turkiyya kamar mutum ɗaya mai murya ɗaya. Mu da ke shan shayi da su kullum mun san ba haka ba ne. Mai shayin layinmu, wanda ke zagayawa da ƙananan kofunan gilashi a faranti, ba ya son a taɓa Erdogan ko da wasa. Har yanzu yana ba da labarin taron tattalin arziki na Davos na 2009, ranar da Erdogan ya faɗa wa Shimon Peres, shugaban Isra'ila na lokacin, magana ya tashi ya bar zauren, kamar jiya aka yi. Maƙwabcinsa mai sayar da jakunkunan fata kuwa cewa yake duk baki ne, a fara gyara farashin burodi. Akwai kuma na uku, samari masu riƙo da addini, waɗanda suka fi kowa zafi a kan gwamnati, don a ganinsu ba ta yi abin da ya isa ba. Su ne ke zanga-zanga a kan man Azarbaijan da ke bi ta bututun Baku zuwa tashar Ceyhan, daga nan jiragen ruwa su kwashe zuwa Isra'ila. A Nuwamban 2024 wasu cikinsu suka katse wa Erdogan jawabi a taron TRT a kan maganar ciniki da Isra'ila, aka tsare mutum tara. 'Yan ƙasa ke nan. Sai ka auna abin da zai sami ɗan Fagge mai katin shekara ɗaya.

Kuma abin da ba a cika faɗa a gida ba shi ne daɗewar hulɗar ƙasashen biyu. Turkiyya ce ƙasa ta farko mai rinjayen Musulmi da ta amince da Isra'ila, tun 1949. A 1996 suka ƙulla yarjejeniyar soja, matuƙan jiragen yaƙin Isra'ila suna atisaye a sararin Konya, kamfanonin Isra'ila suna yi wa jirage da tankokin Turkiyya garambawul. An ɓata a 2010 da sojojin Isra'ila suka hau jirgin ruwan Mavi Marmara mai kai agaji Gaza suka kashe mutum tara, na goma ya cika daga baya. Netanyahu ya ba da haƙuri a 2013, aka shirya a 2016 da diyyar dala miliyan 20. An sake korar jakadu a 2018, aka sake shiryawa a 2022 har shugaban Isra'ila Herzog ya zo Ankara. A Satumban 2023, makonni kaɗan kafin 7 ga Oktoba, Erdogan da Netanyahu sun zauna tare a New York. Ko bayan yaƙin ya ɓarke, jiragen ruwa sun ci gaba da kai ƙarfe da siminti har wata shida. Sai da jam'iyya mai mulki ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na 31 ga Maris 2024, inda jam'iyyar Yeniden Refah ta yi ta yi mata gori da wannan cinikin, sannan aka taƙaita kaya iri 54 a Afrilu, aka rufe cinikin gaba ɗaya ranar 2 ga Mayu. Cinikin da ya kusa dala biliyan 7 a shekara. Ban raina wannan mataki ba, babba ne, kuma ƙasashe da yawa masu baki ba su yi rabinsa ba. Amma talakan Turkiyya ne ya tura gwamnatinsa, da ƙuri'arsa.

Wannan rufewar na gan ta da idona ta wata fuska da ba za ka ji a rediyo ba. Akwai wani Bafalasɗine mutumin Khalil da ke loda kayan yara a kargon da ke jikin namu. Washegarin sanarwar na same shi zaune a kan dila, ya dafe kai, takardun kaya a cinyarsa. Falasɗinawa ba su da tashar jirgin ruwa tasu. Galibin abin da zai shiga garuruwansu irin su Khalil ko Nablus sai ya sauka a tashoshin Isra'ila na Ashdod ko Haifa. Takunkumin da aka sa don su, su ya fara kamawa. Na miƙa masa shayi ya karɓa bai sha ba, ya ce mini kuɗin mutane ne, ba nasa ba. Makonni kayan suna jibge kafin a fito da tsarin da hukumar Falasɗinawa za ta riƙa sa hannu a saki kaya. Daga baya kuma alƙaluman kayan da ake cewa an tura Falasɗinu suka yi tashin gwauron zabi, har Turkawa da kansu suka fara tambayar ina kayan suke ƙarewa.

Yanzu maganar yaƙi. Ka faɗa wa 'yan majalisarku su daina kallon Gaza kaɗai, su kalli Siriya. Ranar 8 ga Disamban 2024 Bashar Assad ya gudu, Ahmad al-Shara'a ya hau, kuma Turkiyya ce babbar mai goya masa baya. Iyakarta da Siriya ta kai kilomita 900, ta ɗauki 'yan gudun hijira sama da miliyan uku, kuma tun daga 1984 ta shafe shekaru tana fama da mayaƙan Kurdawa na PKK. Abin da take so shi ne Siriya ɗaya dunƙulalliya, mai soja ɗaya, wadda ita za ta horar. Isra'ila kuwa akasin haka take so: Siriya marar ƙarfi, kudancinta babu makami. Cikin kwanakin farko ta yi luguden wuta a kan ɗaruruwan rumbunan makamai, ta haye Dutsen Shaikh da ke kan iyakar Siriya ta zauna. A Afrilun 2025 ta ragargaza sansanin jiragen sama na T4 da na Hama, wuraren da aka ce sojojin Turkiyya sun je dubawa don su girke kayansu. Wannan saƙo ne, kuma an gane shi. Me ya biyo baya? Cikin kwanaki jami'an ƙasashen biyu suka zauna a Azarbaijan don su tsara yadda jiragensu ba za su yi karo ba. A Yuli Isra'ila ta jefa bam a ma'aikatar tsaro a tsakiyar Dimashƙa a kan rikicin Suwaida da ke kudancin Siriya, ta ce tana kare 'yan Duruz. Ministan harkokin wajenta kuma ya fito fili ya kira Kurdawa abokan Isra'ila, maganar da ke ƙona ran Baturke fiye da yadda kake zato.

Haka abin yake a teku. Isra'ila ta haɗa kai da Girka da Kubrus, abokan hamayyar Turkiyya a Bahar Rum, a kan iskar gas da makamai, alhali sojojin Turkiyya suna arewacin Kubrus tun 1974. Har Afirka ya iso: Turkiyya na da babban sansanin horar da soja a Mogadishu tun 2017, sai ga Isra'ila a Disamban 2025 ta amince da Somaliland, yankin da ya ɓalle daga Somaliya, a matsayin ƙasa. Bayan tsagaita wutar Oktoban 2025, wadda Turkiyya ta sa wa hannu tare da Masar da Ƙatar da Amurka, Isra'ila ta kafe cewa sojan Turkiyya ba zai taka Gaza ba. A Nuwamba kuma mai gabatar da ƙara na Santambul ya ba da sammacin kama Netanyahu da wasu, su 37.

A ganina, ba za ka wayi gari ka ji tankokin Turkiyya sun nufi Ƙudus ba. Turkiyya tana cikin NATO tun 1952, tana neman Amurka ta mayar da ita cikin shirin jiragen F-35 da aka cire ta a 2019, kuɗinta lira ya sha wuya, kuma Amurka ba za ta zuba ido ƙawayenta biyu su kaure ba. Abin da nake tsoro shi ne kuskure a sararin Siriya, jirgi ya harbo jirgi, gawar soja ta dawo Ankara cikin tuta. Ranar da hakan ta faru ba wanda zai iya riƙe titunan garin nan. Tausayin Gaza a zuciyar Baturke gaskiya ne, na ga tsofaffi suna kuka a masallacin Fatih. Lissafin gwamnati kuwa na iyaka ne da teku da kasuwar makamai, kuma tana yin sa ne don Turkiyya.

Wani abu ɗaya da muke koya wa yaranmu a nan, ina so ka faɗa a majalisa. A garin nan akwai Yahudawa 'yan ƙasa, jikokin waɗanda Sarki Bayazid na Biyu ya karɓa da aka kore su daga Andalus a 1492. Majami'arsu ta Neve Shalom tana Galata, kuma wasunsu dillalan yadi ne da mutanenmu suka daɗe suna sayen kaya a hannunsu. Ba su suka jefa bam a Gaza ba. Duk yaron da muka ji yana zagin wani don addininsa, a zaman Juma'a ake ja masa kunne a gaban kowa.

Wanda ya ce kuɗi ya rufe mana baki, ka karanta masa wannan daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake maganar mutumin Khalil. Kayan Hajiya suna cikin dilar da za ta tashi ranar Talata, na rubuta sunanka a jiki da jan alƙalami. Ka gaishe ta, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a, mu da mutanen Gaza.

Ƙaninka, daga Laleli.