Amsa ga Hajiya mai tambaya kan agogon Fabergé

Hajiya kin ce wani mai shago a Dubai ya nuna miki ɗan agogon tebur da tambarin Fabergé a gindinsa, wai na zamanin sarakunan Rasha ne, kina tambaya ko ki saya. Ni harkar gwal nake yi, irin waɗannan sun sha biyowa ta hannuna, gaskiya ki riƙe kuɗinki tukunna.

Eh gidan Carl Fabergé na St Petersburg sun yi agogunan tebur, don ba ƙwan ado na gwal da duwatsu masu daraja da aka fi sanin su da shi kaɗai suke ƙerawa ba, ƙwan sarautan da aka fara yi wa Sarki Alexander III a 1885 wajen 50 ne kacal, yawancin aikinsu wasu kayan ne daban, irin su firam ɗin hoto da akwatin taba da ƙararrawar kiran barori, har aka rufe gidan a 1918 bayan juyin juya hali. To tun daga nan 'yan jabu ba su huta ba.

Kar tambari ya ruɗe ki, shi ya fi komai sauƙin bugawa. Na gaske za ki ga 56 in gwal 14 ne, 72 in 18 ne, 84 ko 88 a azurfa, da haruffan maƙerin irin su Perchin ko Wigström, amma ɗan jabu ma ya haddace duk wannan. Abin da ke tona musu asiri shi ne ruwan gilashin nan mai launi da ake gasawa a kan ƙarfen. Ki karkata shi a haske, na asali za ki hango zane siriri siriri a ƙarƙashi yana motsi kamar igiyar ruwa, samansa sumul, na jabu kuwa sau da yawa roba ce aka zuba, da 'yan kumfa a ciki, launin ya ɗan malalo kan bakin ƙarfe, duwatsun ma in kin sa madubi sai ki ga gam ne ya riƙe su.

Na san za a ba ki labarin Ba'amurken nan mai sayen tsohon gwal da ya sayi ƙwan 1887 kan dala dubu 14 da niyyar narkarwa, daga baya aka gane na sarki ne. Ya faru kam, amma shi a farashin gwal ya saya. Ki ce mai shagon ya kawo takardar gidan gwanjon da agogon ya fito, irin su Christie's ko Sotheby's, ki tura musu hoton su tabbatar. In ya fara kame-kame ki taya shi kuɗin kayan ado kawai.